Gyaran da Ya Riga Ɓarna Zuwa

An yi wani mutum, ba zan faɗi sunansa ba, don tsohuwarsa tana da rai kuma kunnenta ƙalau yake. Injiniya ake ce masa a gida tun bai taɓa taka ƙofar ofis ba. Karatun kwamfuta ya yi, irin na masu rubuta manhaja, wato mutum ya zauna ya tsara wa na'ura abin da za ta yi layi bayan layi, ita kuma ta bi babu musu. Ya gama da sakamako mai kyau. Sai ya shekara huɗu yana yawo da takardu, har ambulan ɗin da yake zuba su ya yi laushi kamar tsumman goge tebur. Matarsa ce ke riƙe da gidan da keken ɗinki.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, salla ba ta wuce shi. Ciwonsa ɗaya ne, kuma ciwon bai tashi ba sai ranar da Allah ya buɗa masa.

Wani kamfani ya nemi ma'aikata. Sana'arsu ita ce manhajar masu kiwon kaji. Akwai wata 'yar na'ura da ake ratayewa a ɗakin kaji tana auna zafi. In zafi ya yi yawa, ko fankoki sun tsaya, sai manhajar ta aika saƙo wayar mai kajin ta yi ta kuka har ya zo. Mutane da yawa suka je intabiyu, aka ɗauki biyu. Na farko mutumin namu. Na biyu Auta, ɗan ƙanwar mahaifiyarsa, wanda mutumin namu ya girme shi da shekara huɗu. Shi ya fara nuna wa Auta inda ake kunna kwamfuta, ya kuma sha ranƙwashinsa a kan taɓa ta da hannu mai maiƙo.

Ranar da za su fara aiki, sau biyu yana goge riga. Matarsa ta leƙo ta ce, "Injiniya, a yi a hankali dai, ita kaɗai ce mai cikakken maɓalli."

Suka tafi tare da Auta suna dariya a hanya. Aka ba kowannensu kwamfuta sabuwa fil, da katin shaida mai igiya, da kujera mai juyawa. Aka ce wata uku za su yi na gwaji kafin a tabbatar da su. Teburin Auta ya faɗo kusa da taga. Na mutumin namu kusa da ƙofa, inda duk mai shiga sai ya buge masa kujera. Babu wanda ya zaɓa, haka teburan suke a ajiye. Amma ya lura. Tun daga ranar ya fara lura.

Shugaban sashensu wani dattijo ne mai sanƙo, wanda fitilun ofis ke sheƙi a kansa, shi ya sa a bayan idonsa Mai Sanƙo ake ce masa. Ya zaunar da su ya faɗa musu dokar gidan. Ya ce a nan babu rubutun da ke fita zuwa ga masu kaji sai mutum na biyu ya karanta shi layi-layi, ya danna cewa ya amince. Ya ce, "Ba ma jin kunyar kuskure. Kowa yana yi, ni ma ina yi. Shi ya sa muke ara wa juna ido." Tunda su biyu ne sababbi, aka haɗa su: Auta ya duba na yayansa, yayan ya duba na Auta.

Aiki ya kankama. Kullum da safe ana yin taro a tsaye, minti goma, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da ya gagare shi. A tsaye ake yi don kada mai dogon zance ya samu wurin shimfiɗa tabarma. Da za a kawo wannan doka cikin wasu gidaje da na sani, da an huta.

To, Auta ba shi da kunyar tambaya. Abin da bai gane ba sai ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba, a yi dariya, a koya masa. Mutumin namu kuwa gani yake tambaya zubar da girma ce, sai ya ƙule shi kaɗai ya yi ta fama har ya gano. Kuma yana ganowa, don Allah ya ba shi kai. Amma mutane sun fi sakewa da Auta. Da lokacin cin abinci ya yi, a teburin taga ake taruwa.

Wata safiya Mai Sanƙo ya ce, "Madalla, Auta." Mutumin namu ya ji kalmar ta sauka a ƙirjinsa kamar garwashi. Ya fara ƙirgawa. A wata ɗaya an ce wa Auta madalla sau biyar. Shi ma an ce masa sau huɗu, amma waɗannan bai ƙirga ba. Mai hassada ba ya duba kwanonsa, na maƙwabci yake leƙe.

Sai ga gida ma ta ɗauka. Uwar Auta, kun san halin uwar auta, ta kira yayarta a waya ta ce ai an ce yanzu Auta ne ke riƙe da kamfanin gaba ɗaya, in ya yi atishawa sai an rufe. Tsohuwar mutumin namu ta ajiye waya ta kira ɗanta.

"Wai an ce ƙanenka ne ke riƙe da wurin. Kai ba a ce komai a kanka ba?"

"Inna, watanmu ɗaya fa."

"To shi ba watansa ɗaya ba?"

Ba da mugunta ta faɗa ba. Mu tsofaffi bakinmu ya riga tunaninmu tashi daga barci. Amma maganar ta samu wurin zama.

Ana nan wata rana wani ma'aikaci ya ce cikin raha, "Bara ma biyu aka ɗauka, ɗaya ya rage." Da mutumin namu ya tambaya, da ya ji cewa ɗayan da kansa ya ajiye aiki ya tafi ƙarin karatu, har walima aka yi masa. Bai tambaya ba. Na faɗa muku ba ya tambaya. Ya ƙulla a ransa cewa kujera ɗaya ce, kuma an riga an ɗaga wa Auta ita. Ya tuna shekara huɗun nan. Ya tuna ƙarar keken ɗinki. Ya ce a ransa, yaron da na koya wa kunna kwamfuta shi zai mayar da ni gida?

Wa ya ce masa haka? Babu. Shaiɗan ba ya buƙatar shaida, fili kawai yake nema.

Daga nan komai na Auta ya zama laifi. In ya yi dariya, neman suna ne. In ya zo da wuri, neman gindin zama ne. In ya ce, "Yaya, zo ka ga wani abu," to so yake ya nuna ya fi shi. Har alawar da Auta ke saya wa yaransa ta fara yi masa ɗaci a ido. Matarsa ta lura, ta ce, "Wai kai aikin nan samu ka yi ko rasawa? Tun da ka fara fuskarka kamar an aiko maka da sammaci."

A mako na goma aka ba Auta wani aiki. Masu kaji suna ƙorafi cewa wayarsu na yawan kukan banza: da zarar sadarwa ta ɗan yanke na minti ɗaya sai saƙo ya shigo, mutum ya bar abin da yake yi ya ruga, ya tarar kaji na cin abincinsu lafiya. Aka ce Auta ya rage wannan. Ya yi kwana uku a kai. Ranar Litinin da rana ya tura wa yayansa ya duba.

Mutumin namu ya fara karantawa. Bai kai rabi ba ya ga ramin. Auta ya koya wa manhajar haƙuri, amma bai sa wa haƙurin iyaka ba. In na'urar da ke ɗakin kaji ta yi shiru gaba ɗaya, kamar a ce wuta ta ɗauke ta tafi da ita da fankokin tare, manhajar za ta zauna tana jira har abada, ba za ta kira kowa ba. Kuma lokacin ne aka fi buƙatar ta kira.

Ya sa hannu ya rubuta, "Auta, duba nan." Ya tsaya yana kallon kalmomin uku. Ya ɗaga kai ya hango teburin taga, mutum biyu sun jingina a kai suna dariya. Sai ya goge.

Auta ya juyo da kujerarsa ya ce, "Yaya, ka ga wani abu? Kar ka raga mini fa."

"Ban ga komai ba. Aiki ya yi kyau."

Ya danna amincewa.

Ya 'yan uwa, da a nan ya tsaya, da zunubi ɗaya ne. Amma hassada ba ta ƙoshi da faɗuwar wani, sai ta ga mai ita a tsaye a kan wanda ya faɗi. A wannan yammacin ya zauna ya rubuta gyaran, layi bakwai cif, tsaf kamar ɗinkin hannu. Ya adana shi a kwamfutarsa, bai tura wa kowa ba. Dabararsa ita ce, ranar da abin ya fashe, a ga sunan Auta a kan ɓarna, shi kuma ya miƙe da magani a hannu.

Masu wannan sana'a suna da wata ɗabi'a. Duk aikin da suka kammala sai su ɗaure shi su ajiye, na'ura kuma ta buga masa hatimi: wane ne ya yi, wace rana, ƙarfe nawa. Hatimin nan yana bin aikin duk inda aka kai shi. Sau ashirin suke yin haka a yini, har hannu ya saba, ba ya jiran umarnin kai. Hannun mutumin namu ya yi abin da ya saba. Shi kuwa hankalinsa yana can yana sauraron madallar da ba a riga an faɗa ba.

Ya ce wa kansa, iyaka dai wasu kaji su yi haki na rabin awa. Haka mai zunubi yake yanka wa ɓarnarsa ƙaramar riga.

Ranar Alhamis aka yi rana mai zafi. Akwai wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata marayu da ɗakin kaji. Kaji dubu uku ta zuba, saura mako ɗaya a kwashe su. Ranar 'yarta ta haihu a asibiti, ta kulle gona da hantsi ta tafi, wayarta a jaka, hankalinta kwance, tunda an ce mata in da matsala waya za ta yi kuka. Da azahar wuta ta ɗauke. Janareta ya ƙi tashi da kansa. Fankoki suka tsaya. Tana can tana juya jikarta a hannu tana cewa hancin na kakanta ne, waya shiru.

Da la'asar ta koma. Sama da dubu biyu sun mutu, sun taru a bakin ƙofa kan juna, wurin da 'yar iska ke shigowa.

Ba ta aiko kowa ba, da ƙafarta ta zo ofis, takalminta duk ƙasar gona. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye wayar a kan teburin Mai Sanƙo ta ce, "Ni ba rigima na zo yi ba, ɗana. Ku faɗa mini kawai me ya hana ta kuka."

Ofis ya rikice. Akwai wasu gonaki ɗari da wani abu a kan wannan manhajar, ga zafi bai sauka ba. Kowa ya duƙufa a kan allo. Aka gano daga aikin Auta ne, amma ba a gano ta ina ba. Auta ya jiƙe da gumi duk da na'urar sanyaya ɗaki. Mutumin namu ya ɗaure fuska, ya yi ta gungura rubutu sama da ƙasa kamar mai nema, yana satar kallon agogo. Da minti goma sha biyar ta cika ya ce, "Ina jin na gano."

Ya tura layi bakwai ɗin. Aka gwada, ya yi. Aka aika wa gonaki. Mai Sanƙo ya zagayo ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce madalla har sau uku. Auta ya rungume shi ya ce, "Yaya, ka fitar da ni kunya."

Kuna tsammani ya kasa cin abinci ranar? Har ƙari ya nema. Ya kira tsohuwarsa da kansa ya ba ta labari, ya ce ta gaishe da ƙanwarta. Matar nan mai kaji ta wuce ta gabansa lokacin da za ta fita, bai ma ɗaga kai ba.

Kamfanin yana da wata ƙa'ida. Duk lokacin da aka yi ɓarna, sai a taru a ɗaki ɗaya a bi sawun abin daga farko, ba don a kama mai laifi ba, don kada a sake. Ranar Litinin aka taru. Aka kunna majigi. Auta ya miƙe, bai ɓoye komai ba, ya ce kuskuren nasa ne, ya nuna layin da ya manta. Mai Sanƙo ya gyaɗa kai ya ce an ji, a ci gaba. Ko tsawa ba a yi masa ba. Mutumin namu ya tambayi kansa. Ashe shi ke nan?

Sai Auta ya ce, "Amma ina so kowa ya ga gyaran da Yayana ya yi. Ni ban taɓa ganin aiki mai tsabta haka a minti goma sha biyar ba. Tun ina yaro shi ke koya mini, har yau ban kamo shi ba."

Ya buɗe gyaran a bango, manya-manyan haruffa. Layi bakwai. A samansu ga hatimi: sunan mutumin namu, Litinin, ƙarfe uku da minti ashirin.

Akwai wata mata a sashen, aikinta gwada manhaja kafin ta fita, ba ta cika magana ba, amma ko ƙuda ya gifta a allo sai ta san ƙafarsa nawa. Ta gyara gilashinta ta ce, "Kajin ranar Alhamis suka mutu, ko?"

Aka ce mata e.

"To wannan Litinin ce."

Auta ya juya ya kalli bangon. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ƙila agogon kwamfutarsa ne ya rikice. Tana yi wani lokaci." Har a lokacin kare shi yake.

Mai Sanƙo ya gyara zama. Ya jawo kwamfutarsa ya buɗe wurin da ake ganin amincewa. Litinin ɗin nan dai, uku saura minti goma. Rabin awa tsakanin "na amince" da gyaran abin da aka amince da shi.

"Ka gani tun ranar Litinin?" in ji Mai Sanƙo.

Mutumin namu ya buɗe baki. Shi da ya iya tsara wa na'ura magana layi dubu, ya rasa layi ɗaya na kansa.

Auta ya ce, "Yaya?" Ya zauna a hankali kamar wanda aka zare wa laka.

Bayan an watse Mai Sanƙo ya kira mutumin namu ofis ya rufe ƙofa. Ya ce, "Da ba ka gani ba, da yanzu muna shan shayi. Wanda ido ya kuɓuce masa abokin aikina ne. Amma wanda ya ga rami ya rufe shi da ganye, wa zan ba shi ya duba wa aiki?" Ya jawo aljihun tebur ya fito da takarda biyu, ya ajiye su gefe da gefe. Takardun tabbatarwa ne, ɗaya da sunan Auta, ɗaya da na mutumin namu. An sa musu hannu tun mako biyu da suka wuce, ana jiran ƙarshen wata.

"Biyu muka nema, biyu muka ɗauka," in ji shi. "Wa ya ce maka ɗaya ne?"

Ya mayar da ta Auta cikin aljihun tebur. Ɗayar ya ninke ta biyu ya jefa kwandon shara.

Kafin mutumin namu ya isa gida labari ya riga shi, don labari ba ya jiran mota. Matarsa tana zaune, ba ta ɗinki. Ta ce, "Da kuskure ka yi, da na ce Allah ya kiyaye gaba, mu ci gaba da lallaɓawa kamar da. Amma marayun matar nan me suka yi maka?" Ba ta bar gidan ba. Ta dai daina yi masa wasa, kuma wanda ya san gidan ya san wannan ya fi yaji zafi.

Tsohuwarsa da ƙanwarta, waɗanda suka shekara sittin ba a taɓa jin kansu ba, suka koma gaisuwar saƙo. Ya nemi aiki wuri uku. Sana'ar nan tasu kuwa kamar unguwa ɗaya ce, kowa ya san kowa. Duk inda ya je sai a kira tsohon wurinsa a tambaya. Ba sa zaginsa. Cewa kawai suke, "Ya iya aiki ƙwarai. Amma mu ba za mu ba shi aikin wani ya duba ba." Daga nan sai a ce masa za a neme shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan shi ne na ƙarshe. Ashe sau uku Auta yana shiga ofishin Mai Sanƙo yana roƙo a mayar da yayansa, har ya ce a haɗa su a raba hukuncin. Ba a karɓa ba. Da matar mutumin namu ta ji, ta faɗa wa mijinta, tana tsammanin zai sunkuyar da kai ya yi kuka, ko ya ɗauki waya ya nemi gafara. Ya ɗago ya dube ta. Sannan ya ce, "Wato har ya kai matsayin da zai roƙar mini."

Kun ji. Aiki ya tafi, mutunci ya tafi, zumunci ya tsage, amma ciwon yana nan daram, ko rama bai yi ba.

Ya 'yan uwa, malamai suna faɗa mana hassada tana cinye lada kamar yadda wuta ke cinye busasshen itace. Ni na ƙara muku da cewa ba lada kaɗai take ci ba, har tuwon gobe. Mutumin nan ba a kore shi don bai iya ba. Ya fi Auta iyawa, kowa ya shaida. Bai ɗauki ko allurar kowa ba. Shiru kawai ya yi a wurin da aka ba shi amanar magana. Kada wani ya ce, ai ni ban yi komai ba, kallo kawai na yi. In an ara idonka, ka gani, ka kawar da kai, ka yi.

Kuma ku duba zukatanku, ba na maƙwabta ba, ko da yake na san na maƙwabta ya fi daɗin dubawa. In an yabi ɗan uwanka ka ji ƙirjinka ya yi nauyi, kada ka ce gajiya ce. Ka yi maza ka ce Allah ya ƙara masa, ko da bakinka na ɗaci, ka maimaita har zuciya ta bi baki. Taskar Allah ba kujera ɗaya ba ce. In na'urar da ɗan Adam ya ƙera ba ta manta rana da sa'a, ina ga masu rubutun da ke kafaɗunmu?

Allah ya wanke mana zukata. Ya sa mu ga alheri a hannun ɗan uwa mu yi murna tun daga ciki. Ya mayar wa matar nan da marayunta abin da suka rasa, ya shiryi wancan bawan nasa tun yana da sauran numfashi. Allah ya kiyaye mu, da mu da 'ya'yanmu da jikokinmu, daga ciwon da mai shi ba ya yarda yana da shi. Amin.